Babi na Shida: Na'urar da ke Karanta Leɓe da Abin da Za Ta Tarar a Bagudo

Karatun leɓe shi ne gane abin da mutum yake faɗa ta hanyar kallon bakinsa, ba tare da an ji muryarsa ba, kuma dabara ce da kurame suka daɗe suna dogara da ita tun kafin a ƙera kwamfuta ta farko. Masu ji ma suna yin sa ba da saninsu ba, domin tun a shekarar 1954 wasu masana biyu a Amurka, Sumby da Pollack, suka nuna cewa mai sauraro yana ƙara fahimtar magana a cikin hayaniya idan yana ganin fuskar mai maganar. A 1976 kuma Harry McGurk da John MacDonald a Ingila suka gano abin da ya fi wannan ban mamaki, wato idan aka ɗora muryar da ke cewa "ba" a kan hoton bakin da ke cewa "ga", yawancin mutane za su rantse cewa "da" suka ji. Wannan ya tabbatar da cewa ido da kunne tare suke aikin fahimtar magana, kuma daga nan tambaya ta taso ko za a iya koya wa na'ura rabon da ido yake ɗauka a cikin wannan aiki.

Eric Petajan ne ya fara gwada hakan a Jami'ar Illinois a 1984, sai dai na'urarsa, da duk waɗanda suka biyo bayanta har tsawon shekaru kusan talatin, sun dogara ne da ma'aunan da ɗan Adam ya zaɓa musu da hannunsa, kamar faɗin baki da tsawonsa da girman buɗewarsa, saboda haka ba su wuce gane 'yan kalmomi da lambobi a ɗakin gwaji ba. Abin da ya sauya al'amarin shi ne zuwan koyo mai zurfi, wanda reshe ne na ƙirƙirarriyar basira. A wannan hanya ba a gaya wa kwamfuta abin da za ta duba. Ana gina mata sarƙar lissafi mai hawa-hawa, wadda aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke miƙa wa juna saƙo, sannan a nuna mata dubban misalai tare da amsar kowanne. Duk lokacin da ta yi kuskure sai a ɗan gyara lambobin da ke cikin sarƙar, a sake nuna mata, a sake gyarawa, har sau miliyoyi, har ta kai ga gano wa kanta alamomin da ke bambanta wannan motsi da wancan. Yawan hawan da saƙo yake ratsawa kafin amsa ta fito shi ne ake nufi da zurfi.

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake saki da sauri, galibi 25 a cikin daƙiƙa ɗaya, don haka aikin farko shi ne a nemo fuska a kowane hoto, a daidaita ta, a yanko kewayen baki kaɗai. Hawan farko na sarƙar yana duba hotuna da dama a jere lokaci guda, domin magana tana cikin sauyin da ke tsakanin hoto da hoto, kamar haɗuwar leɓɓa da rabuwarsu, ko bayyanar haƙora, ko zumɓurar baki. Hawan da ke biye yana riƙe abin da ya wuce yana kuma hangen abin da ke tafe a cikin jimlar, sannan na ƙarshe ya fitar da haruffa ko kalmomi, yana auna wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata a harshen da aka koya masa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya fi kowanne muhimmanci ga abin da za a tattauna a nan gaba.

Shekarar 2016 ce aka fi tunawa da ita a tarihin wannan fanni. A cikinta masu bincike na Jami'ar Oxford da kamfanin DeepMind suka fitar da LipNet, wadda ta dace da kashi 95.2 cikin 100, alhali masu larurar ji da aka gwada sun sami kashi 52.3 kawai. Jaridu sun yi ta yayata wannan adadi, amma kaɗan ne suka bayyana cewa an yi gwajin ne a kan wata taskar bidiyo mai suna GRID, inda mutum 34 suka zauna a gaban kyamara cikin haske mai kyau, kowannensu ya karanta jimloli 1,000 masu kalmomi shida-shida, dukkansu a kan tsari guda, kuma daga kalmomi 51 kacal. Gwajin da ya fi kusa da rayuwa shi ne wanda Joon Son Chung da Andrew Zisserman da abokan aikinsu suka yi a wannan shekarar da kusan awa 5,000 na shirye-shiryen talabijin na BBC, inda na'urar ta gane kashi 46.8 na kalmomin, ƙwararren mai karatun leɓe kuwa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A 2022 kamfanin Meta ya fito da AV-HuBERT, wadda take fara koyo daga bidiyon da ba a rubuta abin da aka faɗa a cikinsa ba, tana daidaita motsin baki da sautin da ya zo tare da shi, kafin a ƙarasa horar da ita da bidiyon da aka rubuta. Da awa 30 kawai na rubutaccen bidiyo ta zarce wata na'ura da aka horar da awa 31,000, kuma da awa 433 kuskurenta ya sauko zuwa kashi 26.9. Ci gaba ne na gaske, amma ko a Ingilishi, harshen da aka fi tara wa misalai a duniya, wannan yana nufin kalma ɗaya a cikin kowace huɗu ba daidai ba ce.

Dalilin wannan kuskure yana cikin halittar ɗan Adam. Yawancin aikin furuci yana faruwa ne a inda kyamara ba ta kaiwa, wato a hanƙa da ganɗa da hanɗa da maƙwallato da kogon hanci, abin da ya rage wa ido kuwa shi ne leɓɓa da haƙora da ƙasan haɓa da ɗan tsinin harshe. Saboda haka sautuka da yawa da kunne yake rabewa suna faɗawa cikin siffar baki guda. Na'urar, kamar yadda kurma mai basira yake yi, tana cike giɓin ne da sanin harshe: tana ganin abin da zai iya zama kalma biyar ko goma, sai ta zaɓi wadda ta fi yawan zuwa a irin wannan gurbi cikin misalan da aka ciyar da ita. Ashe ke nan rabin karatun leɓe hasashe ne, kuma ingancin hasashen ya rataya ne ga yadda na'urar ta san harshen da kuma irin zancen mutanen da take kallo.

Idan aka kawo wannan ma'auni kan Hausa, sai a ga harshen yana da sauƙi ta wata fuska, yana da tsauri ta wata. Sauƙinsa shi ne wasulansa biyar ne, kuma mafi yawan gaɓoɓinsa baƙi ne da wasali, don haka baki yana buɗewa a kai a kai, siffar wasali tana fitowa fili, sannan sautuka masu zumɓurar baki irin su "kw" da "gw" da "ƙw" ido yana kama su. Tsawon wasali ma, wanda ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, abu ne da ake iya aunawa da yawan hotunan da baki ya ɗauka a buɗe, ko da yake saurin magana yana dagula ma'aunin. Tsaurin kuwa ya fi yawa. Sautukan "b" da "ɓ" da "m" duk haɗuwar leɓɓa ce, bambancinsu yana maƙwallato da hanci. Haka "k" da "ƙ" da "g" duk a hanɗa suke, shi ya sa kara da ƙara da gara suke kusan abu ɗaya ga mai kallo. Haka kuma "d" da "ɗ" da "t" da "n". Jimlar "ya ba ta kuɗi" da jimlar "ya ɓata kuɗi" ba su da wani bambanci a kan leɓe, alhali ta farko labarin kyauta ce ko biyan bashi, ta biyu kuwa zargi ne. A kan wannan kuma ga karin sauti, wato hawa da saukar murya, wanda tantanin maƙwallato yake samarwa, kuma a Hausa yana ɗauke da nahawu, ba ma'anar kalma kaɗai ba: "ya tafi" na labarin abin da ya riga ya faru da "ya tafi" na umarni sun rabu ne da karin sauti da ɗan tsawon wasali. Ingilishi ba shi da wannan matsala, shi ya sa darasin da ya fi amfani ga Hausa yana wurin masu binciken ƙasar Sin, waɗanda harshensu mai karin sauti ne, kuma suka gina taskar LRW-1000 mai misalai sama da 700,000 don fuskantar irin wannan ƙalubale.

Ƙaramar Hukumar Bagudo da ke Jihar Kebbi wuri ne da ya dace a auna wannan fasaha da shi, domin kusan duk abin da ɗakin gwaji yake kaucewa a nan ya taru. Kogin Neja ya ratsa ta, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Benin, inda hanyar Tsamiya take fita zuwa Segbana, ta Lolo kuma take bi ta Madekali zuwa babbar kasuwar Malanville. Iyakar kanta ta samo asali ne daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu ta bar Illo a hannun Ingila, ba tare da ta raba dangi ko kasuwa ko harshe ba. A yau ana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci a wannan yanki, ana jin Busanci a kewayen Illo da ɗan'uwansa harshen Boko na mutanen Segbana, akwai kuma ragowar masu jin harshen Kyangawa, wanda Hausa ta riga ta cinye mafi yawan masu magana da shi, sannan ga Faransanci da Ingilishi a bakin ma'aikata. Ɗan kasuwa ɗaya yana iya yin gaisuwa da Dandanci, ya yi ciniki da Hausa, ya faɗi farashi da sefa cikin Faransanci, duk a cikin numfashi biyu ko uku. Na'urar da hasashenta ya dogara da sanin kalmar da za ta biyo baya ba ta da madafa idan ba ta ma san harshen da jimlar za ta ƙare da shi ba. Busanci da Boko kuma suna da karin sauti da wasulan hanci da sautukan "kp" da "gb", waɗanda ido zai ɗauka "b" ne ko "m".

Ko Hausar yankin ma ba ita ce ta gidajen talabijin ba. Karin harshen yamma, na Sakkwato da Kabi, yana cewa "tahi" da "hwara" a inda Bakano zai ce "tafi" da "fara", kuma wannan bambanci ne da yake bayyana a kan leɓe kai tsaye, domin a "tafi" leɓɓa suna matsowa kusa da juna, a "tahi" kuwa ba sa haɗuwa ko kaɗan. Na'urar da aka horar da bakin Kanawa za ta nemi motsin da babu shi a bakin mutumin Zagga ko Kaoje. Sai kuma abin da ya shafi ɗabi'a, wanda masu ƙera waɗannan na'urori ba su cika lissafawa ba: yaro mai tarbiyya yana sunkuyar da kai idan yana magana da babba, mace tana iya jan mayafi ta rufe baki ko ta sa niƙabi, basarake yana magana ta bayan amawali, ɗan acaɓa yana ɗaure hanci da baki saboda ƙurar hunturu, dattijo kuma ga gemu da gashin baki ga goro. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira aibi, kuma ba mutane ne za su sauya don na'ura ta ji daɗin aiki ba.

Babbar matsalar dai ita ce ta misalai. Taskar MuAViC da Meta ta fitar a 2023 ta ƙunshi awa 1,200 a harsuna tara, da suka haɗa da Ingilishi da Larabci da Faransanci da Jamusanci da Rashanci, amma babu Hausa a ciki, balle Dandanci ko Busanci. Akwai ƙoƙarin tara muryoyin Hausa, kamar na shirin Common Voice, sai dai murya ce babu hoto. Mai neman mafita zai fara tunanin finafinan Kannywood da shirye-shiryen Arewa24 da bidiyon sashen Hausa na BBC, kuma lallai dukiya ce mai yawa, musamman ga irin hanyar AV-HuBERT da ba ta buƙatar a rubuta komai da farko. Amma dole a tace ta da kyau, domin waƙoƙin fim bin baki ne ake yi a kan muryar wani mawaƙi, finafinan Indiya da aka fassara kuwa bakin yana Indiyanci muryar tana Hausa, kuma na'urar da ta haɗiye su za ta koyi ƙarya. Akwai kuma batun launin fata. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun nuna cewa manhajojin tantance jinsi daga hoton fuska na wasu manyan kamfanoni suna kuskure har kashi 34.7 a kan mata baƙaƙe, alhali kuskurensu a kan maza farare bai wuce kashi 0.8 ba. Tunda nemo fuska shi ne matakin farko na karatun leɓe, duk raunin da ke nan zai bi sauran aikin har ƙarshe, kuma zai ƙaru a bidiyon ƙaramar waya da aka ɗauka da magariba aka tura ta WhatsApp, wanda yake matse hoto har gefen leɓe ya dushe.

Duk da haka buƙatar tana nan, kuma ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne suke fama da raunin ji mai naƙasarwa, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Jihar Kebbi tana cikin zirin ƙasashen da sanƙarau yake addaba a lokacin zafi, cutar da ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya a annobar 1996, ta kashe fiye da 11,000, ta sake dawowa da ƙarfi a arewa maso yamma a 2017, kuma kurumta tana cikin tabon da take bari ga waɗanda suka rayu. Yaron da ya kurumce bayan ya iya magana yana da harshen a ƙwaƙwalwarsa, don haka shi ne ya fi kowa iya karatun leɓe, kuma shi ne wayar da ke mayar da magana rubutu za ta fi taimaka wa, idan ya sami karatu. Wanda aka haifa kurma kuwa harshensa maganar hannu ce, wadda take cikakken harshe mai nahawunta, kamar yadda Constanze Schmaling ta nuna a littafinta na shekarar 2000 a kan kuramen Kano. Tarihi ya riga ya yi gargaɗi a nan, domin taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880 ya fifita koyar da karatun leɓe da furuci a kan maganar hannu, kuma kurame sun yi kusan ƙarni guda suna biyan kuɗin wannan hukunci da iliminsu. Zai zama babban kuskure a maimaita shi da sunan fasaha, a sayi manhaja a bar horar da malamai da tafintocin maganar hannu, waɗanda dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta buɗe ƙofar neman su.

Inda wannan fasaha za ta yi amfani na kusa wurare biyu ne. Na farko shi ne asibiti. Kamfanin Liopa na birnin Belfast ya ƙera manhajar waya mai suna SRAVI, aka gwada ta a asibitin Royal Preston da ke Ingila ga majinyatan da aka huda wa maƙogwaro aka sa bututun numfashi, waɗanda bakinsu yana motsi amma murya ba ta fita. Manhajar ba ta ɗauki nauyin gane kowace magana ba, 'yan jimloli ne ƙayyadaddu take zaɓa daga cikinsu, irin su neman ruwa ko kukan ciwo, kuma wannan taƙaitawar ita ce sirrin aikinta. Irin wannan abu ne da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Jihar da ke Aliero za su iya ginawa, tare da masana harshe na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da jimloli ashirin ko talatin cikin Hausar yankin da Fulatanci da Dandanci, domin ba ya buƙatar dubban awoyi. Na biyu shi ne tallafa wa kunnen na'ura a cikin hayaniya. Manomin shinkafa da ke tsaye kusa da injin ban ruwa, ko mai jirgin fito a bakin Neja, ko mai awo a tsakiyar kasuwa, idan yana son wayarsa ta rubuta masa saƙo ko ta fassara, ƙarar da ke kewaye da shi tana cinye muryarsa, kuma a nan ne haɗa hoton baki da sauti yake rage kuskure ƙwarai, domin abin da ido ya kasa rabewa, kamar "b" da "m", kunne yana rabewa, abin da hayaniya ta fi ɓatawa kuma, kamar "b" da "d", ido yana gani sarai.

Haɗarin kuwa yana daidai wurin da Bagudo ta fi rauni, wato kan iyaka. Yanki ne na jami'an kwastan da na shige da fice da sojoji, wanda ya ɗanɗana rufe iyakokin da aka fara a Agustan 2019, kuma a irin wannan wuri sha'awar na'urar da za ta karanta zancen mutane biyu daga nesa ba za ta yi wuyar samuwa ba. Amma an riga an ga cewa na'urar tana cike giɓi ne da abin da ta saba gani, saboda haka wadda aka horar da zancen fasa-ƙwauri za ta riƙa ganin fasa-ƙwauri a bakin mai cinikin albasa, kuma za ta fitar da jimlarta a rubuce tsaf, ba tare da wata alamar shakka da alƙali ko jami'i zai lura da ita ba. Wannan ilimin ne kuma, idan aka juya shi, yake ba da damar ɗora wa mutum maganar da bai yi ba, kamar yadda manhajar Wav2Lip ta 2020 take sauya motsin baki ya dace da kowace murya, ko da yake masu bincike suna amfani da rashin haɗuwar leɓɓa a wurin "m" da "b" don kama irin wannan jabu. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan halittar jiki cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, kuma bidiyon fuskar mutum da aka tara don horar da na'ura ya cancanci wannan kariya, ko mai fuskar ya iya karatu ko bai iya ba.

Saboda haka duk mai niyyar tara bidiyon bakin mutanen Illo ko Lolo ko Tsamiya, jami'a ce ko kamfani ko hukuma, wajibi ne ya bi ta hannun sarakuna da ƙungiyoyin kurame na jihar, ya bayyana wa kowane mutum da harshensa abin da za a yi da hotonsa, ya biya shi ladan lokacinsa, ya kuma bar masa ikon janyewa. Rubutun da na'urar karatun leɓe ta fitar daga bidiyo marar sauti kuwa bai kai matsayin shaida ba, kuma bai kamata wata kotu ko wani ofishin tsaro ya tsare mutum a kansa ba.